Kafin ka karɓi ambulan ɗin taron dimokuraɗiyya

Shekara shida ina sakataren wata ƙungiyar matasa a Jekadafari, nan Gombe. Da zaɓe ya ƙarato sai takardun gayyata su fara sauka: taron wayar da kai, otal mai sanyi, shinkafa da kaza, kuɗin mota a ambulan. Ga yadda nake tace su.

Fara duba ƙasan takardar, inda ake jera tambura, domin mai gayyatarka galibi ɗan aike ne. In ka ga NDI ko IRI, cibiyoyin Amurka ne da ke da alaƙa da NED, gidauniyar tallafa wa dimokuraɗiyya da aka kafa a 1983, kuma majalisar dokokin Amurka ce ke ba ta kuɗi. Westminster Foundation daga Birtaniya take. Gidauniyar Konrad Adenauer na kusa da jam'iyyar CDU ta Jamus, ta Friedrich Ebert kuwa da jam'iyyar SPD, ita ma ta Jamus. Ban ce haramun ba ne. Amma ka san tuwon wa kake ci, tunda in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Sai ka tambaya a fili: me kuke so mu yi bayan taron? In sa ido ne a rumfar zaɓe, da yadda ake karanta takardar sakamako ta EC8A, zauna ka koya, sannan ka tabbatar INEC ta tantance ƙungiyar da za ta tura ku. In aka fara raɗa sunan ɗan takara, ɗauki hularka. Sashe na 225 na kundin tsarin mulki ya hana jam'iyyu riƙe kuɗin da aka aiko daga waje, kada a mayar da ƙungiyarku ƙofar baya.

Abin da na fi tsoro shi ne takardar sa hannu. An taɓa miƙo mana wata mai neman lambar waya da lambar katin zaɓen kowane mamba. Na ce suna da sa hannu sun wadatar. Shugabanmu ya harare ni har aka tashi, ban dai bayar ba.

Kuɗi su shiga asusun ƙungiya mai rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi) da takardar SCUML (sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram), ba aljihun shugaba ba. Kuma kada ku kama hayar ofis da tallafin da za su ba ku, domin yana iya yankewa. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da agajin ƙasashen waje, daga baya aka rushe USAID, hukumar agaji ta Amurka. Mu da ba mu taɓa barin karɓar kuɗin wata-wata daga mambobi ba, har yau muna taronmu ranar Asabar bayan La'asar, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidan ma'ajinmu.