Yadda Ake Gane Ko Kwanson Harsashi Mai Tsada Ya Ci Kuɗinsa

Wannan magana ta mai takardar izinin bindiga ce da ta farauta daga ma'aikatan gandun daji. Wanda ba shi da su, kada ya taɓa.

Fara da lissafi: raba kuɗin kwanso da yawan cikon da zai ɗauka kafin ya mutu, wato sau nawa za a iya sake ɗura masa albarushi bayan harbi. A ce na kamfanin Lapua, ɗan Finlan, jikka guda ne, wato dala 200, ya yi ciko 10, kowane harbi ya tashi dala 20. Mai araha na dala 80 in ya yi 4, shi ma dala 20 ke nan. Mai harbin nesa da ke son kowane harsashi ya faɗi inda ɗan'uwansa ya faɗi, shi mai tsada ke yi wa rana, don nauyinsa da kaurin wuyansa daidai suke daga kwanso zuwa kwanso. Mai fita daji sau biyu a shekara, ɓarnar kuɗi ce.

Kafin ka biya, ɗora mayen ƙarfe. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafe, bar shi. Tagullar kirki kashi 70 jan ƙarfe ce, 30 tutiya. Haska tocila ciki: huda ɗaya a tsakiya shi ake so, mai huda biyu wahala ce kawai.

Inda sababbin hannu ke faɗuwa shi ne duban kwanso bayan harbi. Sai su leƙa wuya, ba tsaga, su ce lafiya lau. Ciwon a gindi yake. Nemi wani zobe mai ƙyalli da ya kewaye kwanson sama kaɗan da gindinsa. Lanƙwasa bakin siririyar waya, ka zura, ka ja ta a hankali a jikin bangon. In ta ɗan saƙale kamar ta faɗa kwari, tagullar ta sirance a nan, harbi na gaba tana iya rabewa biyu, zafin iska ya dawo maka a fuska. Matse shi da filaya ka jefar, ko da na jikka ne. Haka wanda gurbin hularsa, wato ɗan ramin gindi inda abin kunna albarushi ke zama, ya saki.

Kada ka gauraya kamfani biyu. Mai kauri cikinsa ya fi ƙunci, albarushi iri ɗaya sai ya ba da matsi fiye da kima.

Sai ajiya. A Maraɗi wane gida ne babu turken doki ko garken jajayen awaki? Warin fitsarinsu da laimar damina na tsattsaga tagulla tana ajiye. Haka sojojin Ingila suka yi ta asarar harsasai a bargar dawaki a Indiya. Man goge tagulla mai wannan warin ma ka nisance shi. Saka kwanson a gwangwani mai murfi, cikin ɗaki busasshe, a kulle inda yara ba su kaiwa, ka rubuta yawan cikon a jikin murfin.