Yadda ake tallafar wanda ya karye kafin a isa asibiti

Babban mutum yana da ƙashi 206 a jikinsa. Guda 80 su ne ginshiƙin tsakiya, ciki har da ƙoƙon kai da ke rufe ƙwaƙwalwa, da ƙashin baya wanda laka ke ratsawa, da haƙarƙari 24 masu kare zuciya da huhu. Sauran 126 na kafaɗu ne da hannuwa da ƙugu da ƙafafu. Inda biyu suka haɗu gaɓa ce, guringuntsi na hana su gogar juna, tsoka kuma na jan su ta jijiya har a samu motsi.

Abin da mai taimako ya fi buƙatar riƙewa shi ne ƙashi ba busasshen icce ba ne, mai rai ne. Wata siririyar fata ce ta lulluɓe shi, cike da hanyoyin jini da jijiyoyin jin zafi. Ƙarƙashinta akwai ɓangare mai tauri, sai mai ramuka kamar soso, sai ɓargo inda ake samar da ƙwayoyin jini. Shi ya sa karaya ke zubar da jini ta ciki ko da fata ba ta tsage ba. Ƙashin cinya, wanda ya fi kowane tsawo, idan ya karye mutum na iya asarar jini lita 1 ko fiye a cikin cinyar, ba a ga ɗigo ɗaya a ƙasa ba.

Alamun karaya sanannu ne: zafi mai tsanani a wuri guda, kumburi, lanƙwashewa, ƙafa ɗaya ta gaza ɗaya tsawo, ko kasa taka ta. Amma iya motsa yatsu ba hujja ba ce cewa targaɗe ne kawai. Hoton ƙashi ne ke raba gardama.

Da farko ka kwantar da wanda ya karye, kada a ja hannun ko ƙafar don a miƙar. Bakin karyayyen ƙashi yana da kaifi, yana iya yanke hanyar jini ko jijiyar da ke kusa. Cire zobe, agogo da awarwaro tun kumburi bai kama su ba. Idan akwai rauni, rufe shi da tsumma mai tsabta ka danna gefensa. Ƙashin da ya leƙo waje kada a tura shi ciki, kada a barbaɗa masa toka ko garin magani, don ƙwayar cuta in ta shiga ɓargo fitar da ita aiki ne na watanni.

Sai tallafi. Nemi katako mara nauyi, kwali mai kauri ko kara, tsawonsa ya wuce gaɓar da ke sama da karayar da wadda ke ƙasa da ita. Idan ƙwauri ne, ya kama daga saman gwiwa har ya wuce idon sawu. Shimfiɗa zane tsakanin katakon da fata, ka ɗaure sama da ƙasa, ban da kan karayar. Hannu kuma a rataye shi a wuya da ɗankwali. Ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20 tana rage kumburi. Gashi da ruwan zafi da murza man zafi ƙara shi suke yi.

A wajen ɗauri ne ake yawan yin ɓarna. Ana ɗauri ne don a hana motsi, ba don a matse ba. Wurin zai ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku, kuma idan an tamke shi da kara da igiya, kamar yadda ake gani a wasu ɗore-ɗoren gida, kumburin ba shi da wajen zuwa sai ya toshe hanyar jini. Tsokar da ta rasa jini na kimanin awa 6 ta fara mutuwa ke nan, daga nan sai ruɓewa, sai yanke hannun yaron da karayarsa ba ta taka kara ta karya ba. Don haka yatsanka ya iya shiga ƙarƙashin ɗaurin. Bar yatsunsa a buɗe, ka danna farce ya yi fari, ka saki: jan ya dawo cikin daƙiƙa 2. In yatsun sun yi sanyi, sun dushe, ko zafin na ƙaruwa, sassauta nan take.

Wanda ya faɗo daga bishiya ko babur yana kukan wuya ko baya, kada a cicciɓe shi a naɗe cikin Keke Napep. Mutum ɗaya ya riƙe kan, uku su ɗaga shi a miƙe zuwa kan faffaɗan katako, saboda gocewa kaɗan na iya taɓa laka ta shanye ƙafafu. Kada a ba shi abinci ko da za a yi masa aiki.

Karayar yaro kusa da gaɓa tana son likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, domin kusa da gaɓa ne ƙashin yaro ke ƙara tsawo, in wurin ya lalace hannun na iya girma a karkace. Ga babba, karayar wuyan hannu takan haɗe cikin mako 6 zuwa 8, ta ƙwauri kuwa wata 3 ko fiye, kuma shan taba yana jinkirta haɗewar.