Yadda za ka nemi bayanin kuɗin laburare da dokar FOI

Da farko rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar, misali Laburaren Ƙasa a Abuja, ka ce kana neman bayani ƙarƙashin dokar FOI ta 2011, wato dokar 'yancin samun bayanai daga hukumomin gwamnati, ba sai ka faɗi dalilinka ba ma.

Sai ka faɗi abin da kake so ƙarara, nawa aka ware na sayen littattafai, nawa aka kashe, a wace shekara.

Yi fotokofi, kai da kanka, a buga maka hatimi da kwanan wata a kofinka, wallahi kar ka tafi ba shi don gobe sai a ce ba a gani ba.

Kwana 7 gare su. In sun yi gum, kana da kwana 30 ka garzaya kotu.