Yadda ake ɗaukar hoton ruwa ya fito kamar hayaƙi

Hoton nan da kake gani na bakin teku, ruwa ya kwanta luf kamar an zuba madara, duwatsu kuma sun tsaya ƙyam har kana iya ƙirga tsagarsu, ba aikin kwamfuta ba ne. Shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, aka bari a buɗe na sakan 20, ko 30, ko minti 2, duk abin da ke motsi ya narke, abin da ke tsaye ya zauna daram. Kowa na fahimtar rabin farko na wannan magana. Rabi na biyu ne ke kayar da mutane. Na sha ganin yara masu hannu a hoto sun sayi filta mai tsada, sun biya kuɗin mota har Gurara, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu a jihar Neja, sun dawo da hotunan da ruwa ya narke, dutse ma ya narke, itatuwa ma haka. Wannan ba dogon buɗe shota ba ne, girgiza ce kawai. Ba zan tsaya bayanin mene ne ISO ko yadda ake juya kyamara zuwa M ba. Wanda bai kai nan ba, ya fara can tukuna.

Kayan aiki uku ne: ƙafa-uku da ake ɗora kyamara a kai, filtar duhu wadda ake rubuta ND a jikinta, da rimot, abin danna shota ba tare da ka taɓa kyamara ba. Filtar nan baƙin gilashi ne da ke rage hasken da ke shiga, kuma ana auna ta da mataki, kowane mataki yana ninka lokacin sau biyu. ND8 mataki 3 ce, ND64 mataki 6, ND1000 mataki 10. In ɗaya za ka iya saya, sayi ND64. Na san kowa ND1000 yake so saboda ita ce ke yin hayaƙin nan, amma da safe da yamma, lokacin da haske ya fi kyau, duhunta ya yi yawa, sai ka ga kana jiran minti 4 a kan hoto ɗaya. Filtar nan mai juyawa da ake ƙara mata duhu ko a rage, ban ba ka shawara ba. In ka kai ta ƙarshe a kan lens mai faɗin gani, baƙin gicciye take zana maka a tsakiyar sama. Sannan ka sayi filta mai faɗin bakin babban lens ɗinka, ka haɗa da zoben ƙarfe da ke ɗora ta a kan ƙananan, kada ka sayi filta uku. Akwai masu ɗaure gilashin masu walda da kyauro a gaban lens. Yana aiki, na gwada, kuma kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba. Sai dai hoton kore shar yake fitowa, dole ka mayar da shi baƙi da fari. Don koyo ya isa.

Yanzu ƙafa-uku, inda ni na sha kashi. Karon farko da na je bakin teku a Legas da niyyar wannan aiki, na kafa ta a kan jiƙaƙƙen yashi, daidai inda taguwa ke zuwa ta koma. Na ɗauki hotuna kusan 40. A ƙaramin allon kyamara duk sun yi kyau, har ina nuna wa masu wucewa. Sai da na koma gida na buɗe su a kwamfuta na ga babu ko ɗaya mai kaifi. Abin da ya faru shi ne, duk lokacin da ruwa ya zo ya koma, yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafafun, kyamara tana nutsewa kaɗan-kaɗan shota na buɗe. Ido ba ya gani. Ka tsaya da ƙafarka a wurin ka ji yadda diddigenka ke shigewa, to haka yake yi wa ƙarfe.

Maganinsa, in akwai dutse, hau dutse. In yashi ne dole, danna kowace ƙafa da ƙarfinka har ta shige kamar tsawon tafin hannu, ka bar taguwa biyu ko uku su wuce ta kanta ta gama zama, sannan ka saita hoto. Kada ka saita kafin ta zauna, domin layin da sama ta haɗu da ruwa zai karkace. Wasu na sa faifan CD ko murfin gwangwani ƙarƙashin kowace ƙafa. A busasshen yashi yana taimakawa, a inda ruwa ke ja ni ban ga amfaninsa ba. Ka fara buɗe sassan ƙafa masu kauri, siraran na ƙasa su zama na ƙarshe, sai dai a cikin ruwa ka ɗan zaro na ƙasan don kada yashi ya shiga makullin. Sandar tsakiya kuwa kada ka ɗaga ta ko kaɗan. Da zarar ka ɗaga ta, ƙafa-ukunka ta koma ƙafa ɗaya. Igiyar kyamara ka cire ta ko ka naɗe, iskar bakin teku na kaɗa ta tana bugun ƙarfe. Rataya jaka a ƙugiyar ƙasa yana ƙara nauyi, amma sai jakar ta taɓa ƙasa, in tana lilo gara babu. Kuma kai kanka ka tsaya cak. A kan gada ta katako ko laushin yashi, takunka kaɗai ya isa ya ɓata sakan 30. Bayan hoton farko, ka zuƙo shi a allo har ƙarshe ka duba gefen dutse. Wannan sakan 5 ɗin da na yi su a Legas da ban yi asarar tafiya ba.

Sai kashe abin hana girgiza na lens, wanda Canon ke rubuta IS, Nikon ke rubuta VR. A kan ƙafa-uku yakan shiga neman girgizar da babu, ya haifar da ita.

Abu na biyu da ke kayar da sababbi shi ne tsari. Suna ɗaura filta tun daga mota, su zo su leƙa su ga duhu, lens ya yi ta kai da komo yana neman fokas. Filta ita ce ƙarshen abin da ake sawa. Ka fara tsara hoto babu ita. Ka nemi abin da ba ya motsi ka sa shi a gaba: dutse, turken gada, kututture, tsohon kwale-kwale da aka ja tudu. Wanda ke kan ruwa ba ya cikin lissafi, zai zama inuwa. Hoton ruwa zalla ba tare da abin da ido zai kama ba, farar takarda ce. Ka yi fokas a kan wannan abin, sannan ka mayar da lens zuwa MF, wato fokas na hannu. In ka manta wannan, kana danna shota zai sake nema a cikin duhu ya ɓata. ISO 100, ko mafi ƙanƙantar da kyamararka ta zo da ita. Ƙofar haske f/8 zuwa f/11. Na san jarabar zuwa f/22 don a ƙara lokaci, amma kaifin hoto na raguwa a can, kuma duk ƙurar da ke kan sensa, farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, za ta fito ɗigo-ɗigo a sama. Wanda ya canza lens a waje lokacin hunturu ya san abin da nake nufi. RAW za ka ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, wannan ba abin muhawara ba ne.

Ɗauki hoto ɗaya babu filta, ka tabbatar haske ya yi daidai kuma kumfar ruwa ba ta ƙone ta zama fari fat ba, sannan ka riƙe saurin shota a ka. Daga nan lissafi ne. Da ND1000 ka ninka sau 1000: 1/125 ya koma sakan 8, 1/60 sakan 16, 1/30 kusan sakan 30, 1/15 minti 1, 1/8 minti 2. Da ND64 ka ninka sau 64: 1/125 ya koma rabin sakan, 1/60 sakan 1, 1/30 sakan 2. Akwai manhajojin waya da ke yin lissafin, ni dai takarda na manna a cikin murfin jaka, hannu jiƙe ba ya son waya. Yanzu ka ɗaura filta a hankali, yatsu biyu, kada ka murɗa zoben fokas ko na zum. Yawancin kyamarori suna tsayawa a sakan 30, abin da ya wuce haka sai ka koma B, inda shota ke zama a buɗe har sai ka sake ta, ka riƙe da rimot. In ba ka da rimot, taimar sakan 2 ta isa ga duk abin da bai wuce 30 ba.

In kyamararka mai madubi ce, rufe tagar leƙe ta baya. Haske na shiga ta nan ya bar jan zane ko shunayya a tsakiyar hoto, mutum ya yi ta zagin filta ba laifinta. Guntun baƙin salatif ya wadatar. Marasa madubi ba su da wannan matsala.

Sakan nawa? Nan ne ra'ayi ya shigo, kuma nawa shi ne yawancin mutane suna wuce gona da iri. Taguwar teku ta fi kyau tsakanin rabin sakan da sakan 2. Ka jira ta zo ta fashe, sai lokacin da ta juya tana komawa ka danna, kumfa za ta ja fararen layuka zuwa cikin teku kamar an taje gashi. In ka danna tana zuwa, dunƙulen fari kawai za ka samu. Wannan na bukatar rimot, taima ba ta san lokacin taguwa ba. Sakan 30 zuwa sama kuwa yana shafe komai, ruwa ya zama hazo. Yana da kyau in akwai turaku ko baƙaƙen duwatsu irin na ƙasan gidan tarihi na Cape Coast a Gana, ko tarin duwatsun da ke tare taguwa a Tarkwa Bay a Legas. Ga matsirga, wato ruwan da ke zubowa daga kan dutse, kwata ɗin sakan zuwa sakan 1 ya ishe ka. Gurara da damina ruwa ne mai yawa kuma ja, in ka ba shi sakan 10 sai ya zama kunu, babu siffa. Da rani ruwan ya fi haske, ya rabu siri-siri a kan duwatsu, a nan za ka iya ja zuwa sakan 2 ko 4. Matsirga ta Kafanchan da Assop a Filato ma haka. Ranar hadari ta fi ranar da rana ta take, kuma filtar nan mai kashe ƙyalli, CPL, ta fi ND amfani a matsirga: tana cire sheƙin jiƙaƙƙen dutse, ta kuma rage haske mataki ɗaya zuwa biyu. Sau da yawa ita kaɗai ta isa.

Gajimare na son minti 1 zuwa 4, kuma sai yana tafiya, musamman in yana nufo ka ko yana barinka. Farkon damina a kan dam irin na Tiga ko duwatsun Jos shi ne lokacinsa. Da hunturu kada ka wahalar da kanka, sama fara ce fes babu abin da zai motsa. Amma ka lura, iskar da ke tura gajimare ita ce ke kaɗa ganye da ciyawa, don haka ka sa dutse a gaba.

Mu nan kusa da tsakiyar duniya muke, hasken bayan faɗuwar rana bai wuce minti 20 da 'yan kai ba, ga Magariba na jiranka. Ka je da wuri ka gama tsarawa rana na sama. Haske na raguwa shota na buɗe, saboda haka in lissafi ya ce minti 2, ba shi 3. Da asuba akasin haka. Gaɓar Legas da ta Gana kudu suke kallo, rana ba cikin teku take faɗa maka ba, ta hannun damanka take sauka, sai ka juya kyamara ta bi tsawon gaɓa. Akwai wani saiti na rage ɗigon duhu da ke sa kyamara ta sake ɗaukar baƙin hoto mai tsawon na farko, minti 2 ya zama 4. Da yamma ni kashe shi nake yi, babu lokaci. Sai dai a zafin watan Afrilu sensa na ɗumi, jajayen ɗigo na ƙaruwa, ka ɗan ba ta hutu tsakanin hotuna.

Kada ka ba teku baya. Tekun Atlantika a wannan gaɓa tana da ja, kuma bayan ƙananan taguwoyi babba na zuwa. Dutsen da ka gani jiƙe, ruwa na kai masa. Ka riƙa goge filta da tsumma mai laushi bayan kowane hoto biyu, feshin gishiri na sa hoto ya yi dishi-dishi kamar fokas ya kuɓuce. Ka je da batir biyu.

Gyara a kwamfuta ba shi da yawa. Filta mai araha na ba da launin shuɗi ko ja, ka daidaita fari ya tafi. Miƙe layin teku, goge ɗigon ƙura, rage farin kumfa kaɗan. Masu waya: iPhone na haɗa hoto mai motsi ya ba ka irin wannan, wasu wayoyin Android na da shota har sakan 30 a sashen Pro, amma da rana sai da filta, kuma dole ka jingina wayar da wani abu. In ka dawo daga teku, kwance ƙafa-uku ka wanke ta da ruwan famfo a ranar, ka shanya a inuwa. Tawa ta farko na bar ta mako biyu a but ɗin mota, makullan suka ci tsatsa, ƙafa ɗaya har yau ba ta rufuwa.