Kurakuran da aka fi yi a ɗakin kayan noma kafin ruwan shuka

Manoma da yawa ba sa buɗe ɗakin kayan noma sai ranar da ruwan shuka ya sauka. A ranar ne za a tarar gara ta cinye ƙotar sungumi, takin bara ya daskare, wake kuma ƙwaro ya huhhuda shi. Duba ɗakin da gyara kayan aiki ne na bazara, daga Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin da rana ke busar da komai, maƙera kuma ba su cika da jama'a ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne yarda da iri don kawai ya yi kyau a ido. Iri yana mutuwa a cikin buhu ba tare da ya sauya kama ba, musamman idan ya sha zafin rufin kwano. Gwajin ba wuya: ɗebi ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, ka jera a kan jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa kullum. Bayan mako guda ka ƙirga. Idan 80 ko fiye sun tsiro, madalla. Idan sun ɗan gaza, ƙara ƙwaya a kowane rami. In kuwa rabi ne, nemi sabon iri tun kafin ya yi tsada. Gyaɗar iri a bar ta cikin kwansonta sai shuka ta matso, domin ɓararriya ba ta jure ajiya. Masarar haibrid, wato wadda aka samar ta hanyar auren iri biyu, da aka girbe bara kuwa ta tuwo ce. In aka maimaita shuka ta, amfanin raguwa yake yi.

Sai taki. Yuriya tana jan danshi, don haka buhun da aka jibge a daɓe ko aka jingine da bango zai koma dunƙule kamar dutse. A ɗora shi kan katako, a ɗaure bakin wanda aka fara, a nisanta shi da iri.

Batun magani ne ba na wasa ba. Wasu suna juye ragowar maganin feshi a robar lemo, yaro ya gani ya ɗauka abin sha ne. A bar kowane magani a mazubinsa, a rataye sama, a kulle. Irin da aka cuɗa da maganin iri na Apron Star kada ya kusanci hatsin ci, kada kuma a watsa wa kaji ragowarsa. Ƙwayar Phostoxin, mai kashe ƙwarin hatsi a ajiya, ba a sa ta a ɗakin da ya haɗa bango da wurin kwana, iskarta tana kisa. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, ya wadatar wa wake ba tare da magani ba. Famfon da aka fesa maganin ciyawa da shi a ɗauraye shi sau uku har da tiyo da bakinsa, in ba haka ba feshin farko ne zai ƙone shuka.

Rufi kuma kada a jira yayyo ya nuna kansa. Shiga da tsakar rana ka rufe ƙofa. Duk inda haske ya zubo, nan ruwa zai bi. A liƙe, a toshe ramin ɓera. Fartanya da garma a kankare tsatsa, a shafa baƙin mai, a kai wa maƙeri waɗanda suka dakushe, sannan a rataye su maimakon jingine ƙota a ƙasa inda gara ke bi.