Kurakuran da ke hana riga zama a jiki bayan an yanka ta da takarda

Mata da yawa a Bauchi yanzu suna da keken ɗinki a ɗaki, Butterfly ko tsohuwar Singer ta gado, kuma ba kowace ce ta zauna a shagon tela ta koyi yanka da alli kai tsaye a kan yadi ba. Wasu da takardar yanka suka fara, ko wadda aka sauke daga intanet aka buga, ko wadda aka zana musu a wajen koyon sana'a. Hanya ce mai kyau, ina kuma goyon bayanta, domin tana rage ɓarnar yadi. Sai dai ƙorafin kusan iri ɗaya ne: an bi takarda sau da ƙafa, amma riga ta ƙi zama. Wuya ya buɗe, hammata ta shaƙe, bayan siket ya ɗage. Abin da aka saba yi shi ne a koma kan keke a tsuke gefe, ko a farke shi a sassauta. Gefe kuwa sau da yawa ba shi da laifi, matsalar tana wani wuri dabam, wani lokaci ma tun kafin almakashi ya taɓa yadi aka yi ta.

A fara da tef ɗin awo. Tef na roba yana miƙewa idan ya tsufa, akwai kuma wasu da ke shigowa daga Sin waɗanda incinsu ba irin namu ba ne, ya fi shi tsawo. Gwajin ba wuya: inci 10 dole ya faɗa kan santimita 25.4. Idan bai faɗa ba, ki sauya tef. Awon kuma kada ki yi wa kanki, ki samu 'yar'uwa ta auna ki, kina tsaye yadda kika saba, ba ki shanye ciki ba, kina sanye da irin rigar maman da za ki sa a ƙarƙashin ɗinkin. Awon da aka ɗauka ana tsakiyar azumi shi ma a yi hattara da shi, kayan sallah ba ranar idi kaɗai za a sa su ba.

Sai bugun takardar. Wadda aka tsara a Amurka girman shafinta inci 8.5 ne da inci 11, mu kuma A4 muke da shi a shagunan kwamfuta. Mai shago, don kada wani abu ya yanke, yakan bar na'ura ta daidaita zanen da shafi, a nan ne komai ke ƙanƙancewa ba tare da ido ya gani ba. A ce ta rage kashi 3 cikin 100 kawai, ƙirji mai inci 40 ya rasa fiye da inci ɗaya ke nan. Ki ce masa, malam, a bar shi a kan 100. A shafin farko akwai ɗan murabba'in gwaji da aka rubuta girmansa. Shi za a fara bugawa, ki ɗora tef a kansa nan take a shagon, kafin a buga sauran.

Lambar girma ita ce tarkon da ya fi kama mutane. Mace ta saba sayen riga mai lamba 14 a wajen 'yan gwanjo, sai ta yanka 14 a takarda. Ba ɗaya ba ne. A takardun kamfanoni irin su Simplicity da McCall's, lamba 14 na nufin ƙirji inci 36, ƙugu 28, mazaunai 38, kuma an zana su ne don mace mai tsawon ƙafa 5 da inci 5 zuwa 6. Ki manta da lambar da kika sani, ki duba jadawalin awo. Idan samanki ya faɗa lamba 14, ƙasanki kuma 18, ba sai kin zaɓi ɗaya ba: ki ja layi a hankali daga wannan zuwa wancan tun daga ƙugu. Yawancinmu haka jikinmu yake, ba aibu ba ne, takarda ce ba ta san mu ba.

Wurin da nake so a tsaya sosai shi ne ƙirji. Waɗannan takardu sun ɗauka cewa cikar ƙirjinki ba ta wuce awon saman ƙirji, wato wanda ake zagayowa da tef ta ƙarƙashin hammata, da fiye da inci 2 ba. Mace mai cikar ƙirji idan ta zaɓi lamba da awon cikar, sai ta samu riga mai faɗin kafaɗa da wuya irin na wata babbar mace. Shi ya sa kafaɗa ke zamewa, wuya ya riƙa hangame idan ta sunkuya. Ta tsuke gefe, ƙirji ya matse, wuyan kuma yana nan yadda yake, garin gyaran gira an rasa ido. Abin yi shi ne ki auna saman ƙirji, ki ƙara inci 2, ki zaɓi lamba da wannan. Misali saman ƙirjinki 36 ne, cikarsa 40: ki ɗauki lambar ƙirji 38, wadda za ta zauna miki a kafaɗa. Sauran inci 2 ɗin a gaba kaɗai ake neman su, baya ba ya bukata. Ki tsaga takardar gaba daga ƙasa zuwa tsinin ƙirji, ki karkata zuwa hammata, ki sake tsaga ta tsakiyar dat ɗin gefe, wato ɗan naɗin nan mai tsini da ake ɗinkewa don riga ta bi surar ƙirji, sannan ki buɗa tsagar tsaye da inci 1, tunda rabin gaba ce a hannunki. Za ki ga dat ya ƙara girma da kansa, gaba kuma ya ƙara ɗan tsawo. Daidai ke nan, yadin yana bukatar wannan tsawon don ya haye ƙirji ya sauko, in ba haka ba gaban riga zai ɗage ya bar baya. Bakin dat kuma kada ya kai har tsinin ƙirji, ya tsaya kamar inci 1 kafin nan.

Duk wannan ba a kan atamfar anko ake gwada shi ba. Ki sayi akoko mai araha a kasuwar Wunti ko Muda Lawal, ko ki samu tsohon zanin gado, ki yanka saman rigar kawai, ki haɗa da dogon taku yadda zai yi saurin warwaruwa. Na san ana ganin wannan ɓata lokaci ne, musamman idan biki ya matso. Amma turmin atamfa yadi 6 ne, idan hannu ɗaya ya lalace babu inda za a samo cikon, leshi kuma idan an farke shi yakan bar tabo.

Idan kin sa rigar gwajin, ki tsaya gaban madubi ki karanta abin da yadin ke faɗa. Inda ya ja ya yi layi a kwance, wurin ya matse. Inda ya naɗe a tsaye, faɗi ya yi yawa. Inda ya taru a kwance sako-sako, tsawo ne ya yi yawa. Layin da ya karkace kuwa, ki bi shi da ido, galibi zai kai ki wurin da ke neman ƙarin yadi. Gyara daga sama ake fara shi, domin riga a kafaɗa take rataye, duk abin da kika taɓa a can sai ya sauya abin da ke ƙasa. Mai saukakkiyar kafaɗa za ta ga yadi ya taru kusa da hammata: ta rage ƙarshen kafaɗar, sannan ta sauke ƙasan hammata daidai da abin da ta rage, don hannu ya shiga yadda aka zana shi. Mai miƙaƙƙiyar kafaɗa akasin haka za ta yi. Sai kafaɗa da ƙirji sun zauna ake waiwayar gefe.

Hammata tana da wani abin mamaki. Idan mace ta kasa ɗaga hannu, abin da ke zo mata a rai shi ne ta ƙara zurfin ramin hammata, inda hannu ke haɗuwa da jikin riga. Alhali ramin da ya yi zurfi shi ke ɗaure hannu da jikin riga, da ta ɗaga hannu don kabbara ko ɗaurin ɗankwali sai rigar duka ta biyo ta sama. Ramin da ya hau kusa da hammata ya fi ba da sakewa. Idan damtse ne ya matse, a faɗaɗa hannun ta tsakiyarsa, a bar kamar inci 2 sama da awon damtse, a ƙyale ramin. Ramin da aka riga aka zurfafa a kan yadi ba ya komawa, shi ya sa gara a yanka shi sama-sama a rage daga baya.

Kada kuma a yi gwajin a tsaye kawai. Ki zauna a kujera, ki yi ruku'u, ki yi zaman tahiya. Atamfa ba ta miƙewa, saboda haka siket yana bukatar aƙalla inci 2 sama da awon mazaunai, in ba haka ba zif ne zai fara buɗewa. Idan bayan siket ya ɗage ya fi gaba gajarta, ba a ƙasa ake ciko ba. A tsaga takardar baya a kwance daidai mazaunai, a buɗa ta daga tsakiyar baya, buɗin ya ƙare a gefe. Idan kuma yadi ya taru a gadon baya sama da ƙugu, a naɗe rarar a takarda a cire ta. Wando ma haka: idan ƙugunsa na baya yana sauka in an zauna, hantsar baya ce ta gaza, ƙara faɗin gefe ba zai magance ba.

Akwai ƙaramin lissafi da ke jawo babbar ɓarna, wato rarar da ake bari a bakin ɗinki. Yawancin takardun kamfani sun riga sun saka santimita 1.5. Idan hannunki ya saba bin gefen ƙafar keke kina cin santimita 1, kowane ɗinki ya ƙara wa faɗin kayan santimita 1 ke nan, rabi daga kowane ɓangare, a siket mai yanki shida kuwa santimita 6, fiye da inci 2. Na mujallar Burda kuma ba su da rarar ko kaɗan, ke za ki ƙara. Ki karanta bayanin takardar, sannan ki manna salatif a kan farantin keke daidai nisan da aka ce, bakin yadi ya riƙa binsa.

Yadin auduga yana shiga idan ya sha ruwan farko. A jiƙa atamfa, a shanya ta a inuwa, a goge kafin a yanka. Shafin roba ba ya shiga, shi ya sa bayan wanki ɗaya ake ganinsa yana leƙowa ta ƙasan riga. Shadda da ba a son ƙyallinta ya tafi, sai a bar mata ƙarin rara a gefe da kalmasa. Doguwar kibiyar da ke kan takarda kuma dole ta yi tafiya ɗaya da bakin yadi, a auna nisan a farkonta da ƙarshenta. Karkata takarda don yadi ya isa shi ke sa ɗinkin gefe ya murɗo gaba, kuma wannan ba ya gyaruwa. A duba zanen atamfar ma, kada furen gaba ya kalli sama na baya ya kalli ƙasa.

Dutsen guga ya zauna kusa da keke. Kowane ɗinki a buɗe shi a danne kafin wani ya hau kansa, dat na ƙirji a kwantar da shi ƙasa. Riguna da yawa da ake zargin yankansu, guga kawai suka rasa.

Kalmasar ƙasa ita ce ta ƙarshe. Siket mai baza, wanda wani ɓangarensa ya faɗa a karkace, a rataye shi ya kwana tukuna, domin zai saki ta wasu wurare. Washegari ki sa shi da takalmin da za ki fita da shi, wata ta auna miki daga ƙasa zuwa sama tana sa alamar alli zagaye, sannan a yanke a kalmashe.