Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Zaɓi Kifin da Za Ta Ci

Kada tsoron guba ya sa mai ciki ta daina cin kifi. Man da ke jikinsa yana taimaka wa ƙwaƙwalwa da idon jariri su ginu. Abin lura shi ne irin kifin da girmansa.

Matsalar ita ce zaiba, wato makuri. Tana shiga ruwa daga hayaƙin kwal da wuraren wanke zinare, ƙananan kifaye su ɗauka, manya su cinye ƙananan. Duk kifin da ya daɗe yana cin 'yan'uwansa, shi ya fi tara ta. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi. A Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar gubar zaiba a 1956, an haifi yara da nakasa alhali iyayensu mata ba su nuna wata alama mai tsanani ba.

Ki riƙa sayen sadin, shawa, taitus, karfasa ko tarwaɗa. Ki guji shak (babban kifin teku mai cin nama) da kifi mai takobi a baki da manyan tuna. Giwan ruwa ma, tunda kifi yake ci, gara ƙarami a kan ƙato, musamman daga kogin da ake wanke zinare kusa da shi.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar ci sau 2 zuwa 3 a mako, kowane ci kamar faɗin tafin hannunki, jimilla giram 230 zuwa 340. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 giram 30 ya ishe shi, sau biyu a mako, bayan an murmushe tsokar da yatsa an tsince ƙaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton wanki ko suya na cire zaiba. Ba sa cirewa, domin a cikin tsoka take maƙale. Cire fata da kitsen ciki wasu gubobin daban yake ragewa. Duk da haka ki dafa sosai har tsokar ta riƙa ɓarewa da kanta, saboda ƙwayoyin cuta.

Wajen bandar kifi kuma, ki shinshina kafin ki biya. Idan kin ji warin fiya-fiya, ki bar shi, domin wasu na fesa maganin ƙwari don hana shi yin tsutsa. Mai shirin ɗaukar ciki ta fara wannan zaɓi da wuri, saboda zaiba na ɗaukar watanni kafin ta fita daga jini.